Bayan Na'ura Ta Yi Ƙara

A Ingila, da zarar an gama girbi, an kwashe alkama da sha'ir an bi gonaki da garma, sai ka ga wasu mutane sun ɓullo ɗaiɗai cikin filayen. Kowa da abin sauraro a kunne, da ɗan shebur a kugu, da wata sanda mai faifai a gindinta yana kaɗa ta dama da hagu dab da ƙasa, yana takawa sannu-sannu. Ba wanda ya ɗauke su aiki. Sha'awa ce ta fito da su, suna neman abin da mutanen dā suka yar ko suka binne: tsabar kuɗin Rumawa, maɓalli, zobe, ƙarfen linzami. Yawancinsu sukan wuni su koma gida da aljihu cike da ƙusoshi masu tsatsa da marafan kwalba. Na'urar da ke hannunsu 'yar uwa ce ga wadda masu gadi ke shafa wa mutane a ƙofar masallacin Juma'a ko a filin jirgi, sai dai ita ƙasa take shafawa.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a tsakanin masu wannan sha'awa: tsohuwar na'ura ko sabuwa? Dattawan cikinsu sukan ce na'urorin dā, masu maɓallan murɗawa biyu ko uku, sun fi faɗin gaskiya, domin ƙara kawai suke ba ka, kai ka yi hukunci da kunnenka. Na baya-bayan nan kuma sukan ce wannan son tsohon abu ne kurum, don me mutum zai wahalar da kansa alhali ga na'ura mai allo da za ta rubuta masa lamba, ta nuna masa zurfi, ta ma yi shiru a kan tarkace? Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Amma in ba a san yadda abin yake aiki ba, ba za a gane inda gardamar ta tsaya ba.

A cikin faifan nan akwai naɗin waya guda biyu. Ɗaya yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, yana juya shi sau dubbai a daƙiƙa guda. In ya ci karo da ƙarfe, sai lantarki kaɗan ya motsa a jikin ƙarfen, shi ma ya mayar da nasa maganaɗisun, naɗi na biyu ya ji, na'ura ta mayar da abin da ta ji ƙara a kunne. Amsar ƙarfe takan ɗan makara, kuma makarar ba ɗaya ba ce. Azurfa da jan ƙarfe, da yake lantarki na gudu a jikinsu ba wahala, amsarsu daban. Baƙin ƙarfe, da yake maganaɗisu na kama shi, tasa daban. Da wannan ɗan bambanci na'ura take hasashen abin da ke ƙasa. Ba ta ganin komai, kuma ba ta san abin da mai ita yake so ba.

Tun ranar farko aka ga haka. A Yulin 1881 aka harbi shugaban Amurka James Garfield, harsashi ya ɓace a jikinsa, likitoci suka yi ta lalube ba su same shi ba. Alexander Graham Bell, wanda ya shahara da ƙirƙiro wayar tarho, ya haɗa wata na'ura mai naɗin waya ya zo ya shafa ta a jikin majinyacin. Na'urar ta yi ƙara, amma ƙarar ta bazu, ba ta nuna wuri guda ba. Ashe a ƙarƙashin katifar da shugaban ke kwance akwai wayoyin ƙarfe. Ga shi kuma babban likitan ya tsaya kai da fata cewa harsashin yana ɓarin dama, can aka taƙaita binciken, alhali yana hagu. Garfield ya rasu a watan Satumba. Na'urar Bell ba ta yi ƙarya ba, ƙarfe ta ji ta faɗa. Mutanen da ke ɗakin ne ba su duba abin da ke ƙarƙashin gadon ba.

Daga nan abin ya yi ta tafiya. Gerhard Fisher, Bajamushe mazaunin Kalifoniya, ya sami takardar mallakar ƙirarsa a 1937. A Yaƙin Duniya na Biyu wani hafsan sojan Foland, Józef Kosacki, ya ƙera ta neman nakiyoyin da aka binne, aka yi aiki da ita a yaƙin El Alamein a Masar a 1942. Waɗannan duk masu nauyi ne, ana goya batirinsu a baya. Sai da ƙananan kayan lantarki suka samu a shekarun 1960 sannan abin ya zama na kowa, kamfanoni irin su Garrett da White's a Amurka suka fara sayar wa masu sha'awa. A shekarun 1970 aka ƙara abubuwa biyu da har yau su ne ƙashin bayan kowace na'ura: maɓallin da ke daidaita ta da ƙasar wuri don kada sinadaran ƙasa su riƙa sa ta ihu, da maɓallin tacewa, wanda ke hana ta yin ƙara a kan ƙarfen da ba a so.

To me sabuwa ta fi tsohuwa da shi? Da abubuwa da yawa, kuma duk wanda ya musa bai yi adalci ba. Tsofaffin na'urori da bugu iri ɗaya suke aiki. Bugu mai sanyi, kamar sau dubu biyar a daƙiƙa, ya fi jin manyan kuɗin azurfa masu zurfi. Mai sauri, sau dubu ashirin ko fiye, ya fi jin ƙananan abubuwa irin ɗan kunne ko ƙwayar zinariya. Dā sai ka zaɓi ɗaya ka haƙura da ɗaya. Na'urar Equinox, wadda kamfanin Minelab na Ostireliya ya fitar a 2018, tana aika bugu iri-iri a lokaci guda, ana kuma iya nutsar da ita cikin ruwa. Deus ta kamfanin XP na Faransa, wadda ta fito a 2009, ba waya tsakanin faifanta da kunne, nauyinta kuma bai kai kilo ɗaya ba. Wanda ya taɓa kaɗa abu mai nauyin kilo biyu daga safe zuwa la'asar ya san wannan ba ƙaramin rangwame ba ne; kafaɗa in ta gaji, faifai yakan ɗaga daga ƙasa, kuma duk ɗan yatsa guda da ya ɗaga zurfi ne aka rasa. Fifikon da na fi ganin girmansa shi ne saurin farfaɗowa. In tsabar kuɗi tana kwance kusa da ƙusa, tsohuwar na'ura takan ji ƙusar ta yi shiru, kafin ta dawo hayyacinta faifai ya wuce kuɗin. Sabuwa tana raba su. Shi ya sa gonakin da aka shekara talatin ana bi, har aka ce an tsince su sarai, suka koma ba da kaya.

Inda talla take wuce gona da iri shi ne zancen zurfi. A lissafin masana, amsar ƙaramin abu tana raguwa da gaggawa ƙwarai in ya yi nisa da faifai: in zurfi ya ninku biyu, amsar takan ragu har kusan sau 64. Wannan doka ce ta halitta, ba kamfanin da zai soke ta. Don haka tsabar kuɗi guda, ko da tsohuwa ko da sabuwa, da ƙyar ake jin ta in ta wuce kamar santimita 30. Abin da aka samu cikin shekara arba'in 'yan santimita ne, ba taku ba. Duk na'urar da aka ce tana nuno zinariya daga nisan kilomita, da 'yar eriya mai juyawa a hannu, damfara ce.

A wuri guda ne bambancin na'ura yake zama komai, kuma mutanenmu sun san wurin. Tun da aka ga zinariya a Djado, arewa maso gabashin Nijar, a 2014, dubban matasa daga Nijar da Chadi da Sudan da Najeriya suka kwarara can, kamar yadda aka yi a hamadar arewacin Sudan 'yan shekaru kafin nan. Ƙasar da ke da zinariya sau da yawa cike take da sinadarin ƙarfe, na'urar neman tsabar kuɗi ruɗewa take yi a kanta. Can sai irin mai harba bugu ta tsaya ta saurara, kamar GPX, wadda ba ta damu da ƙasa ba amma ba ta iya tacewa sosai. Tsadarta ta sa jabunta ya cika kasuwanni, mutane suka sayar da dabbobi da filaye suka sayi kwali mai suna ba aiki. Wannan neman abinci ne da kasadar rai, ba shaƙatawar ranar hutu ba, kuma ba na haɗa su. Na kawo shi ne don a ga cewa ƙasar da za ka bi ita ke zaɓa maka na'ura, ba shekarar da aka ƙera ta ba.

Mu koma kan maɓallin tacewa, domin a nan abin lura yake. Sabuwar na'ura takan ba kowane abu lamba, a yawancinsu daga sifili zuwa 99. Baƙin ƙarfe yana ƙasa, azurfa da jan ƙarfe suna sama. Mai ita yana iya cewa duk abin da bai kai lamba kaza ba kada ta sanar da shi. Sai fili ya yi tsit, tafiya ta yi daɗi, duk ƙarar da ta zo mai kyau ce. Matsalar ita ce zinariya ba a sama take ba. Siririn zoben zinariya, da mariƙin da ake ja a buɗe gwangwanin lemo, da dunƙulen takardar alminiyam, lambobinsu a unguwa ɗaya suke. Haka ƙananan kuɗin azurfa na Ingila ta tsakiyar zamani, waɗanda ake bugawa da guduma sirara, har akan yanka ɗaya gida biyu ko huɗu don a yi canji. Ɗan yankin nan lambarsa ƙasa take, kusa da tarkace. Rariya ba ta san gari ba, ba ta san yashi ba, girman ƙwaya kawai ta sani. Wanda ya ce wa na'urarsa ta yi shiru a kan mariƙin gwangwani ya ce mata ta yi shiru a kan zobe, kuma ba zai taɓa sanin abin da ya taka ya wuce ba. Tsohuwar na'ura ma tana da wannan maɓalli, amma da yake ba ta da allo, mai ita ya saba da shakka, yakan tona ya gani. Lamba kuwa tana zuwa da kamannin tabbas. Mutum ya ga 14 a rubuce, ya ce shara ce, ya ɗaga ƙafa. Ƙwararru, masu tsohuwa da masu sabuwa, a kan abu guda suka haɗu: rage tacewa, yawaita tono.

In wani mai farawa ya tambaye ni, zan ce ya sayi sabuwa mai matsakaicin kuɗi, don ta fi sauƙi a hannu, kuma kayan gyaranta na samuwa. Na tsofaffi kuwa da wuya, don kamfanin White's ya rufe a 2020, Tesoro ma, da aka sani da na'urori marasa allo, ya daina aiki. Sa'an nan mai farawar ya shekara yana tona duk abin da ta yi wa ƙara, har kunnensa ya koyi bambancin ƙara mai kaifi da mai gurnani.

Amma in aka bi manyan abubuwan da aka tono a Ingila, sai a ga gardamar tsohuwa da sabuwa ba ta taɓa su ba sam. Ranar 16 ga Nuwamban 1992, a ƙauyen Hoxne da ke Suffolk, wani manomi ya yar da gudumarsa a gona, ya roƙi abokinsa Eric Lawes ya zo ya duba masa. Lawes dattijo ne, na'urar tasa kyauta ce da aka ba shi da ya yi ritaya. Mai neman guduma dole ya saurari baƙin ƙarfe, wato abin da kowa ke toshe wa kunne. Yana cikin nema ya fara fito da cokulan azurfa da sarƙoƙin zinariya da tsabar kuɗi. Da ya cika leda biyu ya ga abin ba shi da niyyar ƙarewa, sai ya tsaya. Ya mayar da ƙasa, aka sanar da 'yan sanda da hukumar da ke da filin. Washegari masana kayan tarihi suka zo suka ɗebe sauran da ƙasarsa.

Saboda wannan tsayawa da ya yi, an san abubuwan da zinariya ba ta iya faɗa. An ga alamar akwatin katako da kayan ke ciki, da ƙananan akwatuna a cikinsa, da ƙusoshi da makullansu. An ga cokula a jere wani cikin wani, da ɓurɓushin ƙyalle da ciyawar da aka yi wa kwanoni matashi da ita. Wato wanda ya binne su a natse ya shirya kayansa. Tsabar kuɗin sun kai 14,865, na ƙarshensu an buga su wajen shekara ta 407 zuwa 408, daidai lokacin da mulkin Rum ke sakin Birtaniya. Kusan duk na azurfar an yayyanke gefensu, ana ɗibar azurfa ana barin kan sarki, alamar sabon kuɗi ya daina shigowa. Akwai tukwanen barkono na azurfa guda huɗu, a zamanin da daga Indiya ake kawo masoro. An biya Lawes fam miliyan 1.75, ya raba da manomin duk da cewa dokar lokacin ba ta tilasta masa ba. An kuma sami gudumar, tana gidan tarihi na Birtaniya a Landan tare da kayan.

Bayan wannan ne aka yi dokar taska ta 1996. Wanda ya tono abin da ya haura shekara 300 mai ɗauke da aƙalla kashi goma cikin ɗari na zinariya ko azurfa, yana da kwana 14 ya kai rahoto. In gidan tarihi yana so, a yi wa abin kuɗi a biya, yawanci a raba tsakanin mai tono da mai gona. An kuma kafa tsarin da masu sha'awa ke kai ko da maɓalli ne a rubuta inda aka same shi, kuma abin da aka rubuta ya haura miliyan ɗaya da rabi.

A Yulin 2009 Terry Herbert, wanda ya shekara 18 yana wannan yawo, ya shiga wata gona kusa da Hammerwich a Staffordshire da na'urar da ta haura shekara goma a hannunsa. Abin da ya samu shi ne tarin zinariyar Anglo-Sakson mafi girma da aka taɓa gani, fiye da kilo huɗu, yawancinsa adon ƙotar takubba da aka ɓamɓare a ƙarni na bakwai, aka yi masa kuɗi fam miliyan 3.285. Ba zurfi ne ya ɓoye shi ba, garma ta riga ta watsa shi a saman ƙasa. Kowace na'ura mai aiki za ta ji shi, in an kai ta wurin. A shekarar da ta biyo baya, kusa da Frome a Somerset, Dave Crisp ya ji wata ƙara da ba ta yi kama da komai ba, ya tona, ya ga bakin tukunya. Bai fasa ta ba, ya rufe ya kira masana. Suka kwashe ta hawa-hawa: kuɗin Rumawa 52,503, nauyinsu kilo 160. Da aka ga tukunyar ba za ta ɗauku da wannan nauyi ba, aka gane sai da aka sa ta a rami sannan aka riƙa juye kuɗin, har wasu masana suka ce ta fi kama da sadaukarwa ga abin bauta fiye da ajiyar da za a dawo a ɗauka. An kuma tarar da ɗaruruwan kuɗin Carausius, wanda ya ƙwace mulkin Birtaniya daga 286 zuwa 293, a tattare a tsakiyar tukunyar. Da an juye ta a buhu, kuɗin suna nan cif, amma wannan labari ya tafi.

Sai kuma abin da ya faru kusa da Leominster a Herefordshire a 2015. Mutum biyu, ƙwararru, waɗanda suka san doka sarai, suka shiga filin da mai shi bai ba su izini ba, suka ci karo da ajiyar da ake jin wani mayaƙin Baikin, maharan da suka addabi Ingila a lokacin, ne ya binne wajen shekara ta 878: zobe da munduwar zinariya, da wani dutse mai ƙyalli ɗaure da zinariya, da sandar azurfa, da tsabar kuɗi kimanin 300. Kunnensu ya yi aikinsa, na'urarsu ma ta yi nata. Suka kwashe komai suka fara sayar da kuɗin a ɓoye ta hannun dillalai. Hotunan da suka goge daga waya ne suka tona musu asiri. A Nuwamban 2019 kotu a Worcester ta ɗaure ɗaya shekara goma, ɗayan takwas da rabi, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage.

Abin da ke min ciwo a wannan labari shi ne irin kuɗin da suka watsar. A cikinsu akwai waɗanda ke nuna sarakuna biyu zaune kafaɗa da kafaɗa, wasu da sunan Alfred na Wessex, wasu da sunan Ceolwulf na Biyu na Mercia. Marubutan fadar Alfred sun bar wa tarihi Ceolwulf a matsayin wawan da Baikin suka ɗora, kuma an shekara fiye da dubu ana maimaita haka. Kuɗin nan shaida ne cewa sarakunan biyu sun yi ƙawance har sun buga kuɗi iri ɗaya. Kimanin talatin kawai aka ƙwato a lokacin shari'ar. A 2023 an sake ɗaure wasu mutum biyu a Durham da aka kama suna neman sayar da guda 44 da ake kyautata zaton daga wannan ajiya suka fito. Gidan tarihin Hereford ya sayi abin da ya tsira, sauran kuwa sun ɓace, kuma ko an same su duka, ba wanda zai iya faɗin yadda suke kwance a ramin, ko me aka naɗe su da shi.